MPI ko Dask: wanne ya fi ba ka iko a kan suna da rabon aiki?

Malam, ka ce kuna da kwamfuta shida a ɗakin gwajinku na Tudun Wada, da ayyukan lissafi kusan 400, wani minti biyu ya gama, wani sai ya ci awa guda. Kana so ka sa wa kowanne suna, ka kuma san na'urar da ya tafi.

MPI da Dask hanyoyi ne biyu na raba aikin lissafi tsakanin kwamfutoci da yawa. A MPI, wanda ƙa'idarsa ta farko ta fito a 1994, aiki ba shi da suna. Ma'aikaci, wato kowane kwafin shirinka da ke gudana a kan na'urorin, shi ne ke da lamba, daga 0 zuwa sama, saƙo kuma yana ɗaukar lambar shaida, wadda ƙa'ida ta lamunce maka aƙalla zuwa 32767. Da MPI_Comm_split kana iya kasa ma'aikata rukuni-rukuni. Rabon aiki kuwa a wuyanka yake. In ka kasa 400 ɗin daidai wa daida, za ka ga na'ura biyar sun gama sun naɗe hannu, ta shida tana ta nishi. Maganinsa shi ne lamba 0 ya zama ɗan kamasho irin na tashar Kawo: wanda ya sauke ya dawo layi, a ba shi sabon lodi. Sai dai kai za ka rubuta wannan da hannunka.

A Dask aikin ne ke da suna. In ka ƙyale shi, zai liƙa masa sunan umarnin da dogon jerin baƙaƙe marasa karantuwa. In ka sa key= a client.submit, umarnin tura aiki, sai ka kira shi "ruwa-017", ka gan shi da idonka a allon sa ido da ake buɗewa a burauza ta ƙofa (port) mai lamba 8787. Da workers= kake zaɓa masa na'ura. Amma hattara, in ka maimaita suna alhali na farko yana nan, Dask zai ɗauka aiki ɗaya ne, ya miƙo maka tsohon sakamako, ba ko gargaɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. In na'ura ɗaya ta mutu, bisa tsarinsa na asali MPI yakan rushe aikin gaba ɗaya. Dask yakan tura nauyinta ga sauran, sai in ka ɗaure aikin da workers=, to zai zauna jira har na'urar ta dawo, in dai ba ka haɗa da allow_other_workers=True ba lokacin tura shi.

Tunda ayyukanka ba sa magana da juna, ni dai Dask zan kama. Ka ɗora mai rabon, wato ɓangaren Dask da ke raba wa na'urori aiki, a kan na'urar da ke da inbata, ka ɗaure ayyukan da ke buƙatar babbar ƙwaƙwalwa kaɗai.