Kayan haɗa giya a gida: bokitin ya yi, littafin ne bai yi ba

Kwalin ya zo da bokitin roba mai cin lita 23 da famfo a gindinsa, da murfi mai ɗan bututun fitar da iska, da gwangwanin ruwan tsiron sha'ir mai kauri, da 'yar ledar yis, da ma'aunin kaurin ruwa, wanda ke nuna ko yis ya gama cin sukarin da ke cikin haɗin. Sai wani ɗan littafi da ke koya haɗi kala-kala. Bokitin dai ban ga aibinsa ba: famfon ba ya ɗiga, murfin yana kamawa gam, wankinsa babu wuya. Rigimata da littafin ce, domin wanda ya rubuta shi kwanaki yake ƙirgawa, alhali yis bai san kalanda ba.

Haɗin farko na farar giya ne. Littafin ya ce a ajiye bokitin "a ɗaki", bai faɗi zafin ɗakin ba. Yis ɗin irin wannan giya ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 18 zuwa 22, kuma shi kansa aikin nasa yana ƙara wa ruwan ɗumi. Idan zafi ya wuce haka sosai, sai ya yi ta gaggawa yana fitar da sinadarai masu kaifi. Abin da na samu ke nan: ƙamshin ayabar da ta nuna ta wuce, ga wani wari kamar na man goge farce yana bin maƙogwaro. Jiran wata guda bai gyara ta ba.

Babban laifin yana wajen zubawa a kwalba. Littafin ya ce kwana bakwai, a ɗura, a ƙara "cokalin sukari" a kowace kwalba. Wane cokali? Kwalba mai girman me? Shiru. Abin da masu wannan sana'a suka saba shi ne giram 6 zuwa 8 na sukari a kowace lita don giyar ta yi kumfa, kuma ba a ɗurawa sai ma'aunin kauri ya tsaya a lamba ɗaya, wajen 1.010, kwana biyu ko uku a jere. In ba haka ba, yis zai ci gaba da cin ragowar sukarin a cikin kwalbar da aka toshe, iskar kuma ba ta da hanyar fita. Abin haushi, ma'aunin yana nan cikin kwalin, amma layi ɗaya tal aka yi a kansa, can shafin ƙarshe.

Kwalbar da na fara buɗewa, ina ɗaga murfin sai kumfa ta yi tsiri ta wanke mini hannun riga, gasarar yis da ta kwanta a ƙasa ta taso ta gauraye ɗan abin da ya rage. Wata kuma da kanta ta fashe cikin kabad da tsakar dare. Da safe na ciro tsinin gilashi da ya nutse a jikin katakon ƙofar. Wannan ya wuce maganar ɗanɗano, ido ake magana.

Haɗin 'ya'yan itace kuwa, littafin cewa ya yi a yanka su ɗanye a jefa bayan ruwan ya huce. Ɓawon ɗanyen 'ya'yan itace cike yake da yis na daji da ƙwayoyin cuta masu kawo tsami. Farar yana ta rufe saman bokitin, giyar ta yi tsamin da ba a shirya shi ba. Batun ruwan famfo ma ko tari bai yi ba, alhali kilorin da ke cikinsa na iya sa giya ta yi warin magani. Hoton bangon littafin ma korayen kwalabe ne jere a bakin taga, ga shi hasken rana yana ɓata ɗacin hof, furen da ake sa wa giya, cikin ɗan lokaci. Kwalba mai ruwan ƙasa ce ke karewa.

Baƙar giyar ce kawai ta shawu, ita ma ina ganin ƙaurin gasasshen sha'ir ne ya rufa mata asiri.

Mai son saye ya saya don bokitin da ma'aunin. Sai dai ya ƙara da sayen ma'aunin zafi, da ƙaramin sikeli mai auna giram, da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta na kayan abinci, domin babu ko ɗaya a cikin kwalin.