Sharhi kan The Last of Us Part II Remastered: aikin Laura Bailey ne ya riƙe rabin wasan

Kamfanin Naughty Dog na jihar Kaliforniya a Amurka ya fitar da wasan bidiyo mai suna The Last of Us Part II a ranar 19 ga Yuni, 2020, don na'urar PlayStation 4, kuma cikin kwana 3 aka sayar da kwafi sama da miliyan 4. Bugun da nake sharhi a kansa shi ne wanda aka sabunta aka ƙara wa suna Remastered, wanda ya fito a PlayStation 5 a Janairun 2024, sannan ya isa kwamfuta a Afrilun 2025. An sa masa farashin dala 50 a Amurka, amma mai tsohon bugun na PlayStation 4 yana iya sabunta nasa da dala 10. A ganina wasan ya ci kuɗinsa, kuma babban dalilina shi ne aikin da Laura Bailey ta yi a matsayin Abby. Ba zai yiwu a yi bayanin wannan aiki ba tare da taɓa labarin ba, saboda haka wanda ba ya son a ɓata masa daɗin labari ya san da wannan tun yanzu.

Abby ita ce matar da ta kashe Joel, gwarzon kashi na farko, tun wasan bai yi nisa ba, kuma a gaban idon Ellie, yarinyar da ya riƙa tamkar 'yar cikinsa. Daga nan mai wasa yake bin Ellie zuwa birnin Seattle neman fansa, ya yi kwana uku na labari yana farautar Abby da abokanta. A daidai lokacin da suka yi ido huɗu sai a mayar da labarin baya, a damƙa wa mai wasa Abby, a ce ya sake rayuwar waɗannan kwanaki uku daga ɓangarenta. A nan ne ake gane cewa likitan da Joel ya kashe a asibitin Salt Lake City a ƙarshen kashi na farko mahaifinta ne. Wannan tsari kasada ce babba, domin an nemi mutum ya shafe sa'o'i kusan goma yana kare ran wadda ya tsana, kuma rubutu kaɗai ba zai iya sa shi ya yarda ba. Nauyin ya faɗa kan wadda take magana da yawun Abby.

Kafin ta kai ga wannan matsayi Bailey ta yi kusan shekara 20 a cikin sana'ar. An haife ta a 1981 a Biloxi ta jihar Mississippi, ta girma a Teksas, inda a lokacin kamfanin Funimation yake mayar da katun na Japan zuwa Turanci. A can ta fara da muryar yaro namiji, ƙaramin Trunks na Dragon Ball Z, daga baya ta yi Tohru Honda a Fruits Basket, da Lust a Fullmetal Alchemist, da Maka a Soul Eater, waɗanda babu biyu daga cikinsu da suka yi kama da juna a hali ko a sauti. Duk wanda ya saba kallon fina-finan Indiya da aka fassara zuwa Hausa ya san yadda kunne yake saurin kama muryar da ba ta dace da bakin mai magana ba. Haka aikin yake a katun na Japan, sai dai ya fi tsauri: an riga an gama zanen, an ƙayyade sau nawa baki zai buɗe ya rufe, mai sanya murya kuma tana tsaye ita kaɗai a ɗan ɗakin naɗar sauti, tana kallon allo, dole ta cusa fushi ko kunya ko kuka cikin daƙiƙun da aka yanka mata ba ƙari ba ragi. Wanda ya daɗe a wannan makaranta yakan koyi tattalin numfashi, ya san inda zai yi shiru, kuma ina jin tasirin wannan horo a kusan kowace jimla ta Abby.

Bayan ta koma Los Angeles sai aikinta ya faɗaɗa. Ta yi Black Widow a katun ɗin Avengers Assemble, ta yi Chun-Li a Street Fighter IV, da Jaina Proudmoore a World of Warcraft, da Mary Jane a wasan Spider-Man na 2018, da Kait Diaz a Gears 5. Tana kuma cikin waɗanda suka kafa shirin intanet na Critical Role a 2015. Ta taɓa aiki da Naughty Dog a Uncharted 4 na 2016, inda ta yi Nadine Ross, baƙar mace 'yar Afirka ta Kudu, abin da ya jawo suka mai tushe, tun da Bailey farar fata ce kuma masu sanya murya baƙaƙen fata ba su cika samun irin wannan dama ba.

Aikin Abby ya wuce sanya murya. An sa wa Bailey matsattsun tufafi masu ɗigo-ɗigo da kyamarori suke bi, da wata kyamara a gaban fuskarta, ta yi wasan da jikinta tare da Ashley Johnson (Ellie) da Troy Baker (Joel) da sauran 'yan wasa a fili guda. Kamannin fuskar Abby daga wata mata aka ɗauko, ƙirar jikinta mai murɗaɗɗun damatsa kuma daga wata 'yar wasan motsa jiki, amma motsin ido da na leɓe da yadda take sauke kafaɗa na Bailey ne. A sabon bugun, da yake hoton ya ƙara fitowa tar, waɗannan ƙananan abubuwa sun fi bayyana.

Wurin da ya fi nuna gwanintarta shi ne inda Abby take tsallaka wata siririyar gada da aka haɗa tsakanin dogayen benaye na Seattle, tana bin wani yaro mai suna Lev, wanda ya fito daga ɓangaren abokan gabarta, don ta samo kayan tiyata da za a ceci 'yar'uwarsa Yara. Abby soja ce da take karya wuyan abokin gaba da hannu, amma tana tsoron bisa, kuma idan mai wasa ya sa ta leƙa ƙasa sai hoton ya fara jujjuyawa. Bailey ba ta yi ihu a nan ba. Muryar ta ƙanƙance, numfashi ya riƙa fita guntu-guntu ta hanci, kalmomi suna katsewa a tsakiya, ga kuma ɗan fushin mutumin da yake jin kunyar a ga rauninsa, musamman a gaban yaron da 'yan kwanaki kaɗan baya za ta iya harbewa a matsayin maƙiyi. Lev yana lallashinta a hankali, ita kuma tana amsa masa a taƙaice tana ƙoƙarin riƙe girmanta. Babu wani dogon jawabi da aka rubuta don a nemo mata tausayi, amma daga wannan gada na daina kallonta a matsayin wadda ta kashe Joel kawai.

Wuri na biyu yana can ƙarshe a gaɓar teku ta Santa Barbara, inda Ellie ta same ta ɗaure a jikin turke bayan watanni a hannun wasu masu bautar da mutane, an aske mata gashi, ta rame har da wuya a gane ta. Muryar da ta fito daga bakinta busasshiya ce, a dushe, kamar ta wadda ta daɗe ba ta sha ruwa ba, kuma abin da ya fara damunta shi ne Lev. Ana iya gane cewa mutum ɗaya ce da sojar da aka sani a Seattle, ana kuma jin duk abin da ya zube daga jikinta.

Akwai wani ɓangaren aikin da ba a cika yabawa ba, wato nishi da gurnani da ƙarar zafi da ake ji a duk faɗa. Abby da hannu take yawan yin faɗa, saboda haka irin waɗannan sautuka suna da yawa ƙwarai, kuma naɗar su yana cin maƙogwaro. Wahalar da murya take sha a irin wannan zama tana cikin dalilan yajin aikin da ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta Amurka, SAG-AFTRA, ta yi wa kamfanonin wasannin bidiyo daga 2016 zuwa 2017. A nan ban ji sautin da ya yi ta maimaituwa har ya gundure ni ba, kuma nishinta a faɗa da dodon da ke ƙarƙashin asibiti ya bambanta da wanda take yi idan tana faɗa da mutum.

Abin da ya biyo bayan fitowar wasan abin takaici ne. Wasu da suka kasa bambanta 'yar wasa da matsayin da ta taka sun riƙa aika wa Bailey barazanar kisa ta intanet, har ta wallafa wasu daga cikin saƙonnin a Twitter a Yulin 2020, kuma barazanar ta haɗa da ɗanta ƙarami. A ƙarshen wannan shekara ta lashe kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin The Game Awards, a 2021 kuma ta karɓi ta BAFTA ta Birtaniya. A shirin talabijin da tashar HBO ta yi daga labarin wasan, Kaitlyn Dever ce ta yi Abby a zango na biyu, amma Bailey ta ɗan fito a ƙarshen zango na farko a matsayin ma'aikaciyar jinya a ɗakin tiyatar da aka kashe mahaifin Abby.

Daga cikin abubuwan da aka ƙara a wannan bugu, wanda ya fi amfani ga mai sha'awar sana'ar shi ne sharhin da ake iya kunnawa a kan fitowar labari, inda darakta Neil Druckmann da marubuciya Halley Gross suke tattaunawa da 'yan wasan, har da Bailey, kan yadda aka ɗauki kowane wuri. An kuma saka matakai 3 da aka cire daga ainihin wasan, ba a kammala su ba, kuma kallo ɗaya ya ishe su. Sabon salon faɗa mai suna No Return yana da daɗin bugawa, ana ma iya zaɓar Abby a ciki, sai dai bai kwanta mini ba, domin wasan da ya ɓata sa'o'i yana nuna munin zubar da jini ya koma yana ba da maki kan yawan waɗanda aka kashe.

Wasan yana da nasa aibun. Yana da tsawo, kusan sa'o'i 25, kuma idan aka koma ɓangaren Abby sai an sake tara makamai da ƙwarewa daga tushe, abin da yake sanyaya gwiwa a daidai lokacin da labari ya ɗau zafi. Wasu abokan Abby ba a ba su isasshen lokaci ba, har mutuwarsu ba ta taɓa zuciya yadda marubutan suka so. Wajibi ne kuma a faɗa ƙarara cewa na manya ne, an yi masa alamar shekara 18 a Turai: akwai kisa mai muni, da ashar, da fitowar kwanciya guda tsakanin Abby da tsohon saurayinta Owen, da soyayya tsakanin Ellie da wata mace. Bai dace a kunna shi a falo gaban yara ba, kuma wanda waɗannan abubuwa suka saɓa wa ra'ayinsa gara ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa.

Wanda ya yanke shawarar saye, ya fara buga kashi na farko, in ba haka ba laifin Joel da na Abby ba za su yi masa nauyi ɗaya ba. Ya yi amfani da abin saurare na kunne maimakon lasifikar talabijin, domin yawancin abin da na yaba a sama a cikin numfashi da ƙaramar murya yake. Masu jin Faransanci kuma su bar muryoyin a Turanci su kunna rubutun fassara a ƙasan allo, tun da idan aka sauya harshen magana wata 'yar wasa dabam za a ji a bakin Abby.