Kafin wayar Abba ta iso

Yaya, bayan gaisuwa da fatan ku duka kuna lafiya, na samo wa Abba wayar da ka ce. Ta hannu ce, kuma da na lissafa fam zuwa naira sai na ga ba ta fi ta kasuwar Farm Centre araha ba. Abin da na samu a kai shi ne garantin shekara guda, a rubuce.

Maganar layi ce ta sa na zauna rubuto maka. A nan Manchester ana sayen layi a kantin unguwa kamar burodi, babu NIN, babu ɗaukar hoto. Amma yana zuwa da shafukan batsa a kulle, sai ka tabbatar ka kai shekara 18 a buɗe maka. A gida kuwa za ka sha layi a rana kafin a yi maka rajista, daga nan ba mai tambayar hannun wa wayar ta faɗa.

Tun 25 ga Yulin 2025 hukumar sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta tilasta wa irin waɗannan shafuka tantance shekarun mai shiga, bisa dokar da aka yi a 2023, kuma tarar tana iya kaiwa fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfanin a duniya, duk wanda ya fi yawa. Yara dai suna zagayewa da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, 'yata ce ta gaya min. Duk da haka ƙofa mai sakata ta fi wadda aka bari a hangame. Ostireliya ma ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 riƙe shafukan sada zumunta tun Disambar 2025.

A taron iyaye na makarantar su 'yata aka yi mana bayanin masu yaudarar yaro ya turo hoton tsiraici, sannan su ce ya biya ko su watsa. Yaya, sunan ƙasarmu ya fito, na rasa inda zan sa kaina. A Yulin 2024 Meta, mai Facebook da Instagram, ta rufe shafukan Instagram kusan 63,000 daga Najeriya saboda wannan. Wasu 'yan'uwa biyu daga Legas an miƙa su ga Amurka, kowanne ya samu ɗaurin shekara 17 da rabi, bayan wani yaro a Michigan ya kashe kansa. Amma ni Abba na tuna. Yaro a nan Birtaniya yana da Childline, layin taimakon yara, da zai kira kyauta ko da tsakar dare. Namu wa zai kira, alhali kunya ta rufe masa baki?

Akwai abu ɗaya da ke aiki har Kano. Sunansa Take It Down, na wata cibiya a Amurka, kyauta ne. Hoton ba ya barin wayar yaro, wata lamba ce ake cirowa daga jikinsa a tura wa kamfanoni irin Facebook da TikTok su gane shi su sauke.

Don Allah ka zaunar da Abba kafin wayar ta iso. Ka ce masa in hakan ta faru kada ya tura ko kwabo, ya zo wurinka, kuma ba za ka ɗauki bulala ba. Ranar Juma'a zan kira mu haɗa Family Link, manhajar Google ta sa ido kan wayar yaro, da wayarka. A gaida Hajiya.