Adafalin ko ritinol: wanne ya fi wa mai ƙurajen fuska?

'Yar'uwa, ki sayi adafalin mai ƙarfin 0.1 cikin ɗari, wanda Differin yake cikin sunayen da ake sayar da shi, ki ƙyale ritinol. Dukansu abin shafawa ne a fata, na dangin bitamin A. Wata likitar fata ce ta rubuta mini shi lokacin da ƙuraje suka cika mini goshi da haɓa, kuma ko da yake a makonnin farko fuskata ta bushe tana saɓa, daga baya ta lafa har mahaifiyata ta tambaye ni abin da nake shafawa. Ritinol kuwa na taɓa sayen kwalba mai tsada, laushin fata kawai na gani.

Bambancin yana cikin yadda ƙwayar halittar fata take karɓar saƙon bitamin A. A cibiyar ƙwayar akwai furotin mai karɓar saƙo da ake kira RAR, wanda masana a Faransa da Amurka suka gano a 1987, kuma iri uku ne: alfa, beta da gama. Idan sinadarin da ya dace ya maƙale masa, shi da abokin aikinsa RXR da suke zaune a kan DNA sai su kunna wasu ƙwayoyin gado, fata ta riƙa sabuntawa da sauri, ƙofofin gashi su daina toshewa. Ritinol ba ya kama RAR kai tsaye, sai fata ta sarrafa shi sau biyu ya zama asid ɗin ritinoyik, wanda shi ne yake kama RAR, kuma kaɗan ne yake kaiwa wannan matakin, ga shi haske da iska suna lalata shi. Adafalin, da aka haɗa a ɗakin gwaji, yana kama beta da gama kai tsaye, gama kuwa ita ce ta fi yawa a saman fata. Tunda aikin ta hanyar ƙwayoyin gado yake bi, sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ga canji sosai.

Ki yi hattara da masu haɗa mai a robobi marasa suna suna cewa bitamin A ne mai aiki cikin kwana uku, domin sau da yawa sitiroyid suke zubawa, wanda yake sirantar da fata. Ki saya a kantin magani, ki duba lambar NAFDAC, ki shafa kaɗan da dare, ki kare fuska daga rana. Idan kina da juna biyu ko kina neman haihuwa, kada ki taɓa adafalin ko ritinol sai kin ga likita.