Gargaɗi ga masu mota game da rewayan da ke yanke wa kik hukunci kafin ya duba batir

Ina rubuta wannan gargaɗi ne saboda wata damfara da aka yi mini kwanakin baya, wadda daga bisani na gano cewa maƙwabtana biyu sun riga ni faɗawa hannun masu irinta. Masu yin ta suna rataye da jakar kayan aiki, suna zagaya gidajen mai da wuraren ajiye motoci na kasuwanni, suna jiran wanda zai murɗa makulli motarsa ta ƙi amsawa. Ban ce duk rewaya mai yawo macuci ba ne, domin akwai masu neman halaliyarsu a cikinsu, amma wanda na gamu da shi ruɗewar mai mota ce jarinsa.

Wata Alhamis bayan la'asar na fito daga kasuwa a Kano, na shiga tsohuwar Corolla ɗina, na murɗa makulli, sai na ji ƙara ɗaya tak, fitilun gaban direba suka dushe, injin kuwa ko motsi bai yi ba. Ban gama ɗaga bonet ba sai ga wani matashi a kaina yana cewa, "Sannu Alhaji, ai tun daga can na ji, kik ɗinka ne ya ƙone." Ya ƙwanƙwasa kik ɗin, wato na'urar da ke juya injin idan an murɗa makulli, da sufana, ya girgiza kai, ya ce akwai ɗan Beljiyam mai kyau a shagon ubangidansa, amma sai ya tafi da nawa domin a gwada girma. Magariba tana matsowa, iyalina suna zaune a mota, sai na amince. Bayan kusan awa guda ya dawo da kik baƙi wuluk yana sheƙi, ya ɗaura, kuma da ya zo mayar da kan batir ɗin da ya kwance, na ga ya kankare shi da samfefa ya ɗaure tamau. Mota ta tashi a murɗawar farko, na biya N65,000 har da godiya.

Mako uku bayan haka na kai motar wurin wani dattijon rewaya da ya daɗe yana yi mini aiki, saboda fitilar baya. Da na ba shi labari, sai ya haska ciki da tocila, ya goga ɗan yatsansa a jikin kik ɗin, ya ce, "Malam, wannan ai naka ne." A ƙarƙashin sabon fentin akwai ɗigo uku da shi kansa ya buga da ƙusa lokacin da ya sauya masa kabon, wato 'yan guntayen gawayin da ke wuce da wuta a cikin kik, shekara biyu da suka wuce. Wanke shi kawai aka yi da fetur aka fesa masa fenti aka sayar mini da kayana. Gyaran gaskiya shi ne kankare kan batir ɗin nan, aikin da bai kai minti biyar ba.

Dalilin da ya sa damfarar take cin mutane shi ne yawancinmu muna ɗauka cewa muddin fitila ta kama kuma rediyo ya yi magana, to batir lafiyarsa lau. Ba haka abin yake ba, domin fitilun gaban direba wuta kaɗan suke ja, shi kuwa kik yana jan fiye da amfiya 100 a lokacin da yake juya injin, saboda haka kan batir da ya yi farin gari ko ya saki, ko wayar at, wato wadda ta haɗa batir da ƙarfen mota, da ta yi tsatsa inda ta haɗu da jikin mota, suna iya wuce da wutar fitila amma su gaza wuce da ta kik. Ƙarar da aka ji ma tana ba da labari. Idan ƙara ce mai maimaituwa da sauri, galibi batir ne ya yi sanyi. Idan ƙara ɗaya ce kuma fitilu suka dushe, a fara da batir da kawunansa da wayar at. Idan ƙara ɗaya ce fitilu kuma suna nan da haskensu, a nan ne zargi yake komawa kan kik, kuma ko a nan sau da yawa kabon ne ya cinye ko salanoyid, wato makunnin da ke bisansa, waɗanda ake gyarawa ba tare da an sayi sabo ba. Idan kuwa shiru ne gaba ɗaya, sai a duba fis da rile, a kuma tabbatar giyar otomatik tana kan P, a gwada ta a kan N, domin akwai makunnin da ke hana mota tashi idan tana cikin giya.

Rewaya na gaskiya mita yake fara ɗaukowa, ba sufana ba. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota tana kashe, 12.2 kuwa alama ce ta cewa ya kai wajen rabi, kuma yayin da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan injin ya tashi, a ga tsakanin 13.8 da 14.5, idan ya yi ƙasa da haka sosai to altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ba ta caji, kuma ko sabon batir aka saka zai mutu cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ya ce kik ya ƙone alhali bai auna komai ba, ko dai bai iya aikin ba ko kuma yana da wata manufa.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan nawa an yi masa wadda ta fi tawa muni, domin shi cewa aka yi birenbos ɗinsa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ne ya mutu, bayan rewayan ya zare rilen kik ya jefa aljihu yayin da ya aike shi cikin mota ya murɗa makulli. A yawancin tsofaffin motoci masu makullin murɗawa, wutar kik ba ta bi ta birenbos, don haka mutuwarsa tana hana injin kamawa ne, ba ta hana shi juyawa. Ɗayan kuma tsohon batir aka wanke aka liƙa wa sabuwar takarda, aka karɓe nasa mai lafiya a matsayin ragin kuɗi.

Shawarata ita ce kada a bari a tafi da wani ɓangare na mota inda ido ba ya gani. Idan dole sai an kwance kik, a buga masa alama tukuna, a sa a gwada shi da wayoyin jona batir a gaban mai shi, kuma idan an kawo wani, a karɓi tsohon a hannu kafin a biya ko sisi. A tsaya a gaban bonet, a sa wani ya murɗa makullin.

Na koma wurin da motata ta tsaya sau biyu ban sami matashin nan ba, lambar da ya ba ni kuma a kashe take. Mai gadin wurin ya shaida mini cewa bayan tawa ya gan shi a gindin wasu motoci biyu, kuma duka biyun kik ya kwance ya tafi da shi.