Carson ko Letterman, da wanne za ka fara?

Ɗan uwan da ya yi tambaya jiya a zauren nan, ya ce yana ta cin karo da guntayen bidiyon Johnny Carson da David Letterman, tsofaffin masu gabatar da shirin hira da barkwanci na dare a talabijin ɗin Amurka, a YouTube, mutum zaune bayan tebur ga baƙo a gefe ana ta ƙyalƙyala dariya, shi dai bai ga bambanci ba, wai wanne ya fi kuma da wanne zai fara. To Malam, teburin iri ɗaya ne, makaɗan ma kowa da nasa a gefe, amma halin mutanen biyu ko kusa bai zo ɗaya ba.

Yadda ni na fahimce su, Carson mai masaukin baƙi ne, irin maigidan da zai shimfiɗa maka tabarma ya ja ka da hira har ka saki jiki ka faɗi abin da ba ka yi niyya ba. Letterman kuwa taubashi ne, kana zama zai fara tsokanarka, in ka iya ramawa ku sha dariya tare, in kuma ka zo da girman kai to ka shiga uku a gaban jama'a.

Carson ya karɓi The Tonight Show na tashar NBC a watan Oktoba 1962, bayan Steve Allen da Jack Paar, bai sauka ba sai Mayu 1992, shekara 30 ke nan. Da farko a New York ake yi, a 1972 ya kwashe shirin ya koma Burbank a Kalifoniya kusa da 'yan fim. Tsarin nan da kake gani kowa na bi yau, a fito daga bayan labule a yi barkwanci kan labaran ranar, a koma tebur, a kira baƙi ɗaya bayan ɗaya, ba shi ya ƙirƙiro duka ba amma a hannunsa ya zauna daram. Kuma mutane na ɗaukar maganarsa da gaske fa. A Disamba 1973, lokacin ana fama da ƙarancin mai a Amurka, ya yi wasa cewa tishun banɗaki ma ya kusa yankewa, ai kuwa jama'a suka afka kantuna suna jida har ƙarancin ya zama gaskiya, sai da ya dawo ya ba da haƙuri.

Abin da ya fi burge ni a wajensa shi ne lokacin da barkwancinsa ya faɗi ƙasa warwas ba wanda ya yi dariya. Sai ya tsaya ya kalli kyamara, ya ɗan taɓa wuyan rigarsa kamar mai neman hanyar gudu, dariyar da wannan kallon ke jawowa ta fi ta asalin barkwancin. Sannan ka nemi ranar da Uri Geller ya zo a 1973, mutumin da ke cewa yana lanƙwasa cokali da ƙarfin tunani. Carson tun yana yaro ya yi wasan rufa-ido, ya san kan abin, sai ya shawarci James Randi, wani mai wasan rufa-ido da ya shahara wajen tona asirin masu irin wannan iƙirari, aka tanadi cokulan da sauran kayan ba tare da mutanen Geller sun taɓa su ba. Bawan Allah ya zauna yana ta juya hannu a kan tebur yana cewa yau ba ya jin ƙarfi, Carson kuwa ko gatse bai yi masa ba, ya jingina abinsa yana cewa ya bi a hankali ba gaggawa. Ya ƙure mutum ba tare da ya ɗaga murya ba. Da Letterman ne wallahi sai ya yi ta maimaita zancen har ƙarshen shiri.

Shi Letterman ɗan Indianapolis ne, ya taɓa yin aikin karanta hasashen yanayi a talabijin kafin ya shiga barkwanci, kuma a wajen Carson ya samu shiga. A Fabrairu 1982 NBC ta ba shi Late Night, ƙarfe 12:30 na dare bayan Carson ya tashi, lokacin manya sun yi barci saura ɗalibai da masu aikin dare, shi ya sa ya samu damar yin shirme son ransa. Ya sa rigar Velcro, abin mannawar nan na takalmin yara, ya yi tsalle ya manne a jikin bango. Ya sa rigar da aka liƙe da ƙwayoyin Alka-Seltzer, maganin nan da ke kumfa in ya shiga ruwa, aka tsoma shi cikin tankin ruwa yana ta kumfa. A hau saman gini a riƙa jefo kankana da talabijin ƙasa don kawai a ga yadda za su tarwatse, a kawo karnukan mutane su nuna wautar da aka koya musu. Mahaifiyarsa ma bai ƙyale ba, a 1994 ya tura ta Norway ta riƙa aiko masa rahoto daga gasar Olamfik ta hunturu.

Wajen hira da taurari kuwa a nan suka rabu sosai. Carson yana so baƙo ya haska, kuma in sabon mai barkwanci ya yi wasansa ya burge shi har ya yafito shi ya zo ya zauna kusa da tebur, to kakarsa ta yanke saƙa, haka ya yi wa Ellen DeGeneres a 1986. Letterman kuwa in ya ga ka zo tallar fim ne kawai sai ya nuna maka ya gundura. Mawaƙiya Cher ta zage shi ido da ido a 1986, Madonna ta zo a 1994 ta yi ta ɗura ashar, a 2009 kuma ɗan fim Joaquin Phoenix ya zo da gemu buzu-buzu da baƙin tabarau yana amsa tambaya da ƙyar, da za su rabu Letterman ya ce masa cikin gatse, "Na yi baƙin ciki da ba ka samu zuwa ba yau". Ni dai wani lokacin tsokanar tasa tana wuce gona da iri, musamman da baƙi mata, akwai hirarrakin da in ka kalla yanzu sai ka ji ba daɗi.

Da Carson zai sauka kowa ya ɗauka Letterman ne magaji, sai NBC ta ba wani mai barkwancin, Jay Leno. Letterman kuwa ya yi fushi ya koma tashar CBS a 1993 ya buɗe Late Show, yana karawa da Leno a lokaci guda, ya zauna har Mayu 2015, in ka haɗa duka shekara 33, ya ma zarce ubangidan nasa. Carson bai fito ya yi ta surutu kan wanda ya fi so ba, amma bayan ya yi ritaya yakan rubuta barkwanci a gida ya aika wa Letterman a ɓoye, da ya rasu a Janairu 2005 Letterman ya buɗe shiri da barkwancin da duk Carson ne ya aiko, sai daga baya ya gaya wa masu kallo.

Batun da wanne za ka fara, ni Letterman zan ce, na zamanin NBC, 1982 zuwa 1993. Dalili kuwa rabin abin da yake yi ba ya buƙatar Turanci mai zurfi, mutum manne a bango ko kakarka ta gani za ta yi dariya. Barkwancin buɗe shiri na Carson yawanci kan shugabannin Amurka su Nixon da Reagan ne da 'yan siyasar da mu ba mu ma san su ba, za ka ga ɗaki ya ɗauki shewa kai kana zaune kamar an kai ka bikin da ba ka san amarya ba. In ka zo kansa tsallake wannan ka tafi hirarrakin kai tsaye, da ranakun da ake kawo masa dabbobi daga gidan zu suna hawa kansa. Kada ka wahalar da datarka wajen neman cikakkun shirye-shiryensa na shekara goman farko, yawancin kasa-kasan kafin 1972 NBC ta goge su ta ɗora wasu abubuwan a kai, guntaye kaɗan ne suka tsira.