Allurar itanol da aka yi mini a wuya maimakon tiyata, yau wata takwas

Jama'a bari in faɗi yadda aikin nan ya kasance mini, don na san akwai masu irin matsalata da suke zaune da tsoron wuƙa. Kusan shekara biyu ina fama da wani ƙulli a gaban wuya ɓangaren dama, in na haɗiyi yawu sai ka ga yana hawa yana sauka, daga baya ma in na kwanta rigingine sai in ji kamar an danna mini yatsa a maƙogwaro. Da aka yi sikanin aka ce a jikin tairod yake, wato wata halitta da ke gaban maƙogwaro mai samar da sinadaran da jiki ke buƙata, kuma ruwa ne cike fal, ba tsoka ba. Sau biyu ana zuƙe shi da sirinji, ruwan ya fito ƙasa-ƙasa kamar tsohon jini, wuya ya lafa in yi ta murna, kafin wata guda ya sake cika kamar ba a taɓa ba. Ashe haka yake yi wa yawancin mutane, a ƙa'idojin ƙungiyar likitocin tairod ta Amurka na 2015 an ce kashi 60 zuwa 90 cikin ɗari yana dawowa in zuƙewa kawai aka yi.

Ni dai na riga na saddaƙar yanka za a yi, sai wata likita ta ce Hajiya kafin mu kai can akwai allurar barasa. Gaskiya gabana ya faɗi da na ji sunan, sai ta yi mini bayani cewa itanol ne na asibiti mai ƙarfin kusan kashi 99, ana zuba shi cikin jakar ƙullin bayan an zuƙe ruwan, ya ƙone fatar cikin da take tsatso ruwan, sai jakar ta motse ta manne. Amma fa ba ta yarda ta taɓa ni ba sai da aka ɗebi ƙwayoyin wurin da siririyar allura aka kai lab aka tabbatar ba cutar kansa ba ce, wannan ya ƙara mini natsuwa da ita sosai.

Ranar aikin ko barci ba a sa ni ba. Na kwanta an sa mini filo a ƙasan kafaɗa wuya ya miƙe, aka kashe wurin, tana kallon allon sikanin tana tura allurar, sista na riƙe da hannuna tana cewa kar ki haɗiye kar ki yi magana. Duka-duka bai kai rabin awa ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne zafin, ba a faɗa mini gaskiyarsa ba, cewa aka yi ɗan raɗaɗi ne amma wallahi lokacin da itanol ɗin ya shiga sai da na ji shi har muƙamuƙi da cikin kunne, hawaye na zuba ba halin motsi. Minti kaɗan ya sauka, sai dai da an gaya mini tun farko da na shirya zuciyata. Kwana biyu wurin yana tsami, farasitamol ya wadatar. Ta kuma sa na yi magana kafin in tashi don ta ji muryata, saboda jijiyar murya a bayan tairod take bi, in itanol ya ɗiga waje murya kan dishe na ɗan lokaci. Tawa alhamdulillahi ba abin da ya same ta.

Sau ɗaya bai isar mini ba, bayan wata biyu an ga ɗan ruwa ya taru aka maimaita, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. A wani bincike da aka yi a Denmak a 2003 kan mutum 66, kashi 82 na waɗanda aka yi wa itanol sun warke, waɗanda aka sa wa ruwan gishiri kuwa kashi 48.

Yanzu in na shafa wuyana ba na jin komai, babu tabo, tairod ɗina yana nan cikakke gwajin jini lafiya lau ba na shan ƙwayar tairod kullum. Wanda ƙullinsa tsoka ne zalla wannan allurar ba ta cika yi masa aiki ba, haka wanda gwajinsa ya nuna alamar shakku shi kam tiyatar ce hanya. Amma in naki ruwa ne kuma yana ta dawowa, don Allah ki tambayi likitanki batun itanol kafin ki sa hannu a takardar tiyata, ki kuma tambaye shi sau nawa ya taɓa yi.